Ƙugiyar da ke faɗuwa daga kan maɓalli

Masu zana manhajojin waya suna da wata magana da suke yawan maimaitawa, wai mafi yawan abin da ke fuskar manhaja rubutu ne. Gaskiyarsu. Ka buɗe kowace manhaja ta aika kuɗi ko ta hira, ka ɗauke hotuna da launi, abin da zai rage kalmomi ne bisa maɓallai. Sai dai in sun zauna shawarar rubutu, abin da suke aunawa shi ne girman harafi, kaurinsa, tazarar layi, da kalmar da ya kamata ido ya fara gani. Duk wannan awo ya ɗauka cewa harafin yana nan zaune. Mu masu Hausa, nan ne tamu matsala ta fara.

Muna da harufa huɗu masu ƙugiya: ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Na huɗun a Nijar muka fi aiki da shi, ƴan uwanmu na Nijeriya 'y suke rubutawa. Tun taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira don daidaita rubutun harsunan yankinmu, har zuwa ƙudurin 1999 da ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa a ƙasarmu, an sha wuya kafin harufan nan su zauna. Duk wanda ya shiga ajin nazarin sauti ya san dalili: kafa daban, ƙafa daban, haka daidai da ɗaiɗai, haka baki da baƙi. Ƙugiya ita kaɗai ke raba su a rubuce.

Na san mi wasu abokai za su ce. To ai kullum muna rubutu a WhatsApp ba ƙugiya, kuma muna fahimtar juna. Haka ne, don jimla tana ceton kalma. In na rubuta "ya karye a kafa", sauran kalmomin sun gaya maka ƙafa nake nufi. Maɓalli kuwa kalma ɗaya ce ko biyu, tsaye su kaɗai, ba maƙwabcin da zai ba da shaida. Ɗauki maɓallin da aka rubuta "Ƙi karɓa". Ƙugiya na faɗuwa ya koma "Ki karɓa". In mace ce ke riƙe da wayar, an umurce ta kenan ta amshi abin da maɓallin zai mayar. A manhajar kuɗi, wanga kuskure asara ce.

Ta hanya huɗu nake ganin ƙugiyar na salwanta. Ta farko, zubin harufan da aka zaɓa ba shi da ita. Tsarin Unicode ya ba kowane harafinmu lamba, amma ya warwatsa su: ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin nazarin sauti, manyansu Ɓ da Ɗ tare da ƙ da ƴ suna wani rukuni daban na Latin. Maƙerin harafi da ya nufi kasuwar Turai sau da yawa ba ya leƙa rukunan nan. Sai waya ta aro harafin daga wani zubi, ka ga "kuɗi" da ɗ siririya tsakanin harufa masu ƙiba, kamar baƙuwa a gidan biki. In ba a samu aro ba, sai ɗan akwati fanko ya fito. Turawa na kiran akwatin nan tofu, wato awara, kuma daga ƙudurin kawar da shi ne Google ya raɗa wa zubin harufansa suna Noto.

Ta biyu, manyan harufa. Ƙa'idar zane ta Material Design da Google ya fitar a 2014 ta sa rubutun maɓalli ya zama da manyan harufa zalla, manhajoji barkatai suka bi. A girman maɓalli, Ɗ da D kusan tagwaye ne, haka Ƙ da K. Sabon zubin ƙa'idar na 2021 ya bar wagga al'ada, amma tsofaffin manhajoji suna nan da ita.

Ta uku, yayin siririn rubutu mai ruwan toka bisa farin fili. A ofis mai sanyi, gaban babban allon kwamfuta, yana da kyawun gani. Amma a ƙaramar Itel ko Tecno mai tsagaggen gilashi, tsakar rana a babbar kasuwar Maraɗi, ƙugiyar ƙ ɗigo biyu ne ko uku, rana ta cinye su.

Ta huɗu kuwa lissafin kuɗi ce. Saƙon SMS guda yana ɗaukar harafi 160 in duk harufan suna cikin jerin GSM. A jerin akwai é da è na Faransanci, babu ƙ. Ka sa ƙ guda ɗaya, saƙon ya sauya tsari, iyakarsa ta koma harafi 70. Kamfanin da ke tura saƙon tabbatar da kuɗi ga dubban mutane, in ya kiyaye ƙugiya, sai ya biya ninki. Ba sai na faɗi abin da zai zaɓa ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mai koyo. Dattijuwar da ta fito ajin yaƙi da jahilci a karkarar Tawa, ko yaron makarantar harshe biyu a Damagaram, sun fi ganin rubutu a waya bisa ga littafi. Malam ya koya musu ƙ da ƙugiyarta, waya kuma kullum tana nuna musu ko dai babu ita, ko ta fito gurguwa. Wa kake jin za su gaskata?

Wasu masu fassara sun sami dabara: su kauce wa kalma mai ƙugiya, su nemo wata. Ni dai ban yarda ba. Yin haka barin zubin harafi ne ya zaɓar mana kalmomi, alhali magani yana nan kyauta. Noto Sans na da harufanmu duka. Andika, wanda ƙungiyar SIL ta ƙera don sababbin masu karatu, shi ma haka, har yana bambanta l da I da 1 sarai.

Ga ƴan uwa da ke koyon haɗa manhaja a Yamai da sauran jami'o'inmu, ga awo mai sauƙi. Kafin ka zaɓi zubin harafi, rubuta wannan jimla: ƴan ƙasa sun ɗauki maɓalli. Rubuta ta da ƙananan harufa, ka sake da manya, ka sa ta a mafi arhar wayar da ke gidanku, ka fita rana ka miƙa wa innarka. In ta ga ƙugiya huɗu, sannan ka zauna shawarar kauri da launi.