Fiyano Biyu, Kunne Ɗaya: Wace Murya Muke So Yaranmu Su Gada?

Hausawa na cewa kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Haka wanda ya je sayen kayan hannu. Ƙungiyarmu ta al'adu a Dumega ta tara abin da ta iya don saya wa ƴan wasan makaranta fiyano mai lantarki, sai aka kawo mana guda biyu na hannu, kuɗinsu kusan ɗaya, aka ce mu zaɓa. Gardamar da ta biyo baya ta wuce maganar ciniki, shi ya sa na ga ya dace in kawo ta gaban malamai ƴan'uwana.

Ta farko ƙaramar Yamaha ce daga jerin PSR. Tana da lasifika a jikinta, tana aiki da batir, muryoyinta sun fi ɗari, kuma da an taɓa maɓalli guda sai ganguna su ɓarke da kansu. Ta biyu Korg M1 ce, wadda ta fito a 1988: mai nauyi, ba lasifika, ba ta motsi sai da wutar lantarki. Yawancin ƴan kwamiti sun karkata ga ta farko, kuma hujjarsu ba ta banza ba ce. A garin da wuta ba ta da tabbas, abin kiɗan da za a ɗauka a kai dandali da dare ba tare da janareta ba ya cancanci yabo.

Amma ni malamin harshe ne, da kunnen harshe na saurara. Hausa harshe ne mai karin sauti: kuka na hawaye da kuka ta miya baƙaƙensu ɗaya, hawa da saukar murya kaɗai ke raba su. Saboda haka ne kalangu yake magana. Makaɗi yana matse tsirkiya a hammata, fata ta ɗaure ko ta saki, sauti ya hau ko ya gangara kamar harshen mutum. Goge ma yana silalowa ne daga sauti zuwa sauti. Shi kuwa fiyano an yanka masa sauti gida goma sha biyu daidai wa daida, kamar matakala, babu komai tsakanin taki da taki.

A nan kayan biyu suka rabu. Korg tana da ɗan sanda a hagun maɓallai, wanda in an tura shi gefe sai sautin ya lanƙwasa. Maɓallanta kuma suna jin nauyin yatsa, a buga da ƙarfi ta ɗaga murya, a shafa ta yi raɗa. Yamahar da aka kawo mana ba ta da ko ɗaya. Mun gayyato wani tsohon makaɗin kalangu ya yi wa wata ɗaliba rakiya a waƙar gaɗa. Da aka kunna gangunan Yamaha, yarinyar ta shiga sauri tana bin na'ura, ta yanke numfashi inda bai kamata ba, ƴan amshi suka rasa ƙofar shiga. Tsohon ya ajiye makaɗinsa ya ce: "Malam, wannan ba ta jira." Gaskiya ya faɗa. A kiɗanmu makaɗi ke bin mawaƙi, ya dakata in ya ja kirari, ya ƙara wuta in fage ya yi zafi. Gangar na'ura ta juya wannan tsari: mutum ne ke bin ta.

Kada a ɗauka ina ƙin baƙon abu ne. Mamman Sani Abdullahi ya sayi tasa, ƙirar Orla ta Italiya, a hannun wani ɗan Ruwanda da suka haɗu ta hanyar aikin UNESCO. Ta hannu ce ita ma. Da ita ya naɗi kaset ɗinsa na 1978 a Yamai, kiɗan da ya daɗe yana cike tsakanin shirye-shiryen rediyo da talabijin na ƙasa, har kamfanin Sahel Sounds na Amurka ya sake fitar da shi a 2013. Na'urarsa ba ta da yawan muryoyi, amma ya sa ta rera karin gargajiya saboda kunnensa ya riga ya ƙoshi da shi. Sabanin haka, tun ƙarshen shekarun 1990 fiyano ya mamaye waƙoƙin fina-finan Kano. An samu masu daɗi ƙwarai, amma da yawa sun fito kamar tagwaye, domin ganga ɗaya ce ke cikin akwatin kowa. Yawan muryoyi bai hana kiɗa zama iri ɗaya ba.

Shawarata ga kwamiti ita ce a ɗauki Korg, bisa sharaɗi. A gwada maɓallanta 61 ɗaya bayan ɗaya. A duba ƙaramin batirin da ke cikinta, domin in ya mutu muryoyin da ta adana sukan ɓace. A kuma lissafa kuɗin lasifika da na wuta tun kafin a biya, kada a sayi doki babu linzami. In aljihu bai kai ba, a ɗauki Yamaha babu kunya, amma a kashe gangunanta, a bar wa makaɗi aikinsa.

Abin da ke gabanmu shi ne kunnen yaran Arewa. Yaron da ya tashi yana jin waƙar kakarsa a kan matakalar da ba tata ba, wata rana zai ce kakar ce ba ta iya waƙa ba.