Kunun Watan Marka: Nazarin Tsarin Damina a Ayurveda

A jihar Kerala da ke kudu maso yammacin Indiya, damina kan sauka a farkon watan Yuni. Kafin tsakiyar Yuli ruwa ya kai matakin da Bahaushe ke kira marka, sama ba ta washewa, shanya ba ta bushewa. A nan ne watan Karkidakam yake kamawa, watan ƙarshe a kalandar Malayalam ta mutanen Kerala, kuma a da watan rashi suke kiransa. Shinkafar bara ta ƙare, ta bana ba ta nuna ba, masunta ba sa iya shiga teku, ga zazzaɓi gida-gida. Duk mai son fahimtar abin da Ayurveda, likitancin gargajiya na Indiya, ta ce game da damina, daga wannan wata ya kamata ya fara.

Ayurveda kalmar Sanskirit ce mai nufin ilimin rayuwa. Manyan littattafanta, irin su Charaka Samhita da ya kusa shekara dubu biyu, da Ashtanga Hridaya na Vagbhata da aka rubuta wajen ƙarni na 7, sun raba shekara gida shida, kowane da abincinsa da halin zamansa. Damina ita ce Varsha, daga tsakiyar Yuli zuwa tsakiyar Satumba. A fahimtarsu, zafin bazara ya riga ya raunana jiki, sai danshi da gajimare su zo su dushe wutar cikin da ke narka abinci, wadda suke kira agni. Daga nan sai vata, ɗaya daga cikin ɗabi'u uku da suka ce su ke tafiyar da jiki, ta motsa, ta kawo kumburin ciki da ciwon gaɓɓai.

A kan wannan suka gina shawarwarinsu. A ci tsohon hatsi, shinkafa ko alkama ko sha'ir da suka shekara a rumbu. A sha romon wake da ɗuminsa. Abinci ya ɗan yi tsami da gishiri da maiƙo, a ɗiga zuma. A tafasa ruwan sha, a guji ruwan kogi. Ban da barcin rana, ban da wahalar da jiki fiye da kima. A turara tufafi, a kwana inda danshi ba ya kaiwa. Vagbhata ya ƙara da cewa kada a sauya ɗabi'a rana ɗaya: a makon ƙarshe na yanayi mai wucewa da makon farko na mai shigowa, a riƙa sakin tsoho ana kama sabo a hankali.

Mutanen Kerala sun dunƙule wannan a cikin ƙwarya guda, wato Karkidaka kanji. Kunu ne na wata shinkafa mai suna njavara, a dafa ta lugub da hulba da busasshiyar citta da madarar kwakwa da ganyayen magani, a sha da zafinsa kwanaki a jere. Abincin mai ƙaramin ƙarfi ne: shinkafa kaɗan ta isa gida idan aka yi ta ruwa-ruwa, ganye kuwa yana bayan ɗaki.

Idan aka auna tsarin da ma'aunin likitancin yau, za a ga bayani daban, aiki daban. Babu ɗakin gwajin da ya taɓa auna vata. Amma wanda ya tafasa ruwa don tsoron dushewar wutar ciki ya kashe ƙwayoyin kwalara da taifot da shawara ko bai san sunansu ba. Wanda ya guji kogin da ambaliya ta gauraya da najasa, ya ci abinci da zafinsa, ya tsira daga gudawa. Magabatan sun lura da kyau cewa ciki ne damina ke fara kamawa, sai suka bayyana dalilin da harshen zamaninsu.

Akwai kuma inda ganinsu bai kai ba. Tsarin bai gina kariyarsa a kan sauro ba. Sai ranar 20 ga Agusta, 1897, a tsakiyar daminar Indiya, likita Ronald Ross ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro a cikin sauro a garin Secunderabad. Kunu ba ya hana zazzaɓin dengi, haka nan ba ya hana cutar fitsarin ɓera da ke kama masu shiga ruwan ambaliya a Kerala. Wasu hane-hanen ma al'adar wuri ce kawai. Mutanen Kerala da yawa ba sa cin ganyen zogale a Karkidakam, wai yakan yi ɗaci da dafi a lokacin, alhali a ƙasar Hausa kwaɗon zogale ne ke riƙe gidaje a marka idan rumbu ya yi ƙasa.

Sai batun kasuwa. A 1902 P. S. Varier ya kafa gidan magani na Arya Vaidya Sala a Kottakkal da ke Kerala, inda aka shiga haɗa magungunan Ayurveda a masana'anta, kuma a 2014 gwamnatin Indiya ta buɗe ma'aikatar AYUSH mai kula da magungunan gargajiya. Yau ana sayar da kayan kunun a kwali, masauƙan baƙi na tallar tausa da man magani ga masu yawon buɗe ido, har giwayen wurin bauta na Guruvayur ana yi musu jinyar wata guda a Yuli. Watan da talaka ke tsoro ya zama kakar ciniki. Maganin kwalba ma ba a shan sa ido rufe: binciken da mujallar ƙungiyar likitocin Amurka ta buga a 2004 ya samu dalma ko zaiba ko asanik a 14 daga cikin magunguna 70 da aka saya a shagunan Boston.

Abin da ya fi inganci a tsarin shi ne wanda ya fi araha, kuma babu wanda ke tallarsa, don ba a samun riba a tafasasshen ruwa. Uwar gidan da ta ɗora tukunyar ruwa kafin ta ɗora ta kunu ta bi Vagbhata ta kuma bi likitan asibiti a lokaci guda. Abin da ya rage mata shi ne gidan sauro, wanda tsofaffin littattafan ba su sanya a lissafi ba.