Jini ko Jira: Ma'aunin Gaskiya a Finafinan Yaƙi

Masu sharhi da dama sukan auna gaskiyar fim ɗin yaƙi da yawan jinin da ya kwarara a cikinsa. A ganina wannan ma'auni gurgu ne, domin jini kansa ya daɗe da zama abin jan hankalin 'yan kallo. Abin da ya fi wuyar nunawa shi ne zaman jira, da kuma tabon da yaƙi yake bar wa soja bayan an daina harbi.

Mu ɗauki Saving Private Ryan na Steven Spielberg, wanda ya fito a 1998. Kusa da farkonsa an shafe fiye da minti 20 ana nuna saukar sojojin Amurka a gaɓar Omaha ta Faransa ranar 6 ga Yuni, 1944. Kyamara tana karkarwa, kunnen Kyaftin Miller yana toshewa, mutane suna faɗuwa tun ba a san sunayensu ba. Daga nan sai labarin ya hau turbar da aka saba: an tura mutum takwas su ceto mutum ɗaya, aka rufe da jarumta a kan gada. Tsananin gaskiyar farko shi ya sa mai kallo ya haɗiye ƙagen da ya biyo baya ba tare da tambaya ba.

Jarhead na Sam Mendes, na 2005, ya bi wata hanya. An gina shi a kan littafin Anthony Swofford, gwanin harbi daga nesa a Yaƙin Tekun Fasha na 1991. Watanni sojojin suka yi a hamadar Saudiyya suna atisaye, suna shan ruwa, suna zargin matan da suka baro a gida. Da Swofford ya samu damar harbi sau ɗaya tak, sai aka hana shi, aka bar wa jiragen sama aikin. Akwai wurin da sojojin suke kallon Apocalypse Now na 1979 suna shewa yayin da jirage masu saukar ungulu suke ruwan wuta a kan wani ƙauyen Biyetnam. Fim ɗin da ya fallasa haukan yaƙi ya zame musu kiɗan zuga. Wannan gargaɗi ne ga duk daraktan da yake zaton munin hoto kaɗai zai sa a ƙyamaci yaƙi.

The Hurt Locker na Kathryn Bigelow ya ci lambobin Oscar 6 a 2010, amma tsofaffin sojojin da suka yi Iraƙi sun soke shi. Sajan James yana tuɓe rigar kariya a gaban bam, yana yawo shi kaɗai da dare a Bagadaza, abin da dokar aikin soja ba ta yarda da shi ba. Duk da haka, wurin da ya fi ratsa ni a fim ɗin babu fashewa a cikinsa: James ya koma gida, yana tsaye a kanti a gaban jerin kwalayen abincin karin kumallo, ya rasa wanda zai ɗauka.

Ban ce a kori nishaɗi ba, domin fim ɗin da ba a kalla ba bai ilmantar da kowa ba. Darakta yana da 'yancin taƙaita watanni su koma sa'o'i biyu, har ya haɗe mutum uku a jikin tauraro ɗaya. Inda ba shi da 'yanci shi ne ya ɓoye farashin yaƙi, domin a cikin 'yan kallonsa akwai matasan da gobe za su yanke shawarar saka kaki.