Wakilin Aure, Mai Riƙe da Bakin Igiya

Bayan la'asar dattawa uku suka tuɓe takalma a ƙofar zaure, suka zauna kan tabarma. Aka gaisa, aka tambayi iyali da gajiya da ruwan bana. Sai da gaisuwa ta lafa babbansu ya gyara zama ya ce, "Alhaji, alheri ne ke tafe da mu. Iri muka gani a gidan nan, shi muka zo nema." Bai ambaci sunan yarinya ba, bai ma furta kalmar aure ba, amma duk wanda ke zauren ya san inda aka dosa. Wannan shi ne wakili, kuma ni dai ban san wata gwaninta ta baki da ta kai tasa ba.

Da gangan yake kewayawa. Ya bar wa mai gida ƙofar fita ne. In an riga an yi wa yarinyar miji, uban zai ce, "Ayya, an riga ku," a yi addu'a a tashi, babu wanda ya ji kunya, gobe a haɗu a masallaci a gaisa. In kuwa ya ce, "Mun ji, a ba mu kwana biyu mu shawarta da 'yan uwa," wakili ya san magana ta kama hanya, ba ya ƙara ko kalma ɗaya.

A Onklou, da ke ƙarƙashin Djougou a jihar Donga ta Jamhuriyar Benin, nauyin aikin nan ya ninka. Djougou ita ce Zugu ta fataken da, zangon da ayarin Kano da Sakkwato ke yada kaya a ƙarni na 19 kan hanyarsu ta zuwa Salaga sayen goron Gwanja. Wasu suka zauna, suka yi aure, suka hayayyafa. Yau a Zugu da Parakou Dendi ne harshen kasuwa, ga Yom, ga Batonu, ga Fulatanci, ga Faransancin ofis. Saurayi Bahaushe kan nemi 'yar gidan da ba Hausa ake ji ba, saboda haka wakili yakan ɗauki magana daga wannan harshe ya sauke ta a wancan ba tare da ta zube a hanya ba.

Kuma kalmomin aure ba sa son a zubar da su. Bahaushe ɗaura aure yake yi, kamar yadda ake ɗaura igiya, igiyoyin kuma uku ne. In an rabu a ce an saki, ko a ce aure ya mutu, don abu ne mai rai da ake ciyarwa. Wakili ya san iyakar kowace kalma. Baiko alkawari ne, mai girma ƙwarai, amma bai halatta wa saurayi kome ba, kuma ana iya warware shi. Sa rana ma haka. Gidaje nawa suka ɓata da juna saboda wani ya ɗauki baiko tamkar an shafa fatiha?

Inda ya fi burge ni shi ne wajen dukiya. Nan ake rikicewa, nan kuma yake tsefe magana zare-zare. Kuɗin gaisuwar iyaye daban, lefe daban, garar da dangin amarya ke kaiwa daban. Duk waɗannan al'ada ce, ana iya ragewa gwargwadon ƙarfi. Sadaki shi ne na shari'a, haƙƙin amarya ne ita kaɗai, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi mafi ƙarancinsa rubu'in dinari. Wakili nagari ba ya barin a cusa sadaki cikin kuɗin biki. Yana faɗin adadinsa a fili, in dangin ango daga Najeriya suke ya fayyace ko sefa ake nufi ko naira, domin "jaka" a bakin mai sefa ba ita ce "jaka" a bakin mai naira ba.

Akwai kuma tambayoyin da yake yi a asirce, ta bakin gwaggo ko inna. Yarinyar tana so? In bazawara ce, ta gama idda? Ta faɗi amincewarta da bakinta? Wanda ya tsallake waɗannan ya ɗaura igiya a ruɓaɓɓen turke.

Ranar ɗaurin aure maganarsa gajera ce. Gaban liman da shaidu ya ce yana nema wa wane auren wance bisa sadaki kaza, lakadan ba ajalan ba. Waliyyi ya ce ya bayar, tare da damƙa cinta da shanta da suturarta da makwancinta. Wakili ya ce, "Mun karɓa." A shafa fatiha, a raba goro, ƙwarya ɗaya guda 100, goron da shi ya fara kawo kakanni wannan ƙasa. Masu lura daga cikin wakilai sukan tuna wa ango cewa dokar iyali ta Benin ta 2004 auren da aka rubuta gaban hukuma kaɗai ta sani, don haka takarda tana kare matar da 'ya'yanta ranar rabon gado.

Ba a makaranta ake koyon wannan ba, a gefen tabarma ake ɗaukarsa. Iyayenmu na Onklou da Zugu da Parakou, don Allah in za ku je neman aure ku tafi da saurayi ɗaya, ya riƙe muku ƙwaryar goro, ya zauna a bayanku ya saurara.