Kafin ka zargi kwamfuta, duba zanenka

Duk wanda ya zaga sababbin unguwanni a Kano ko Kaduna ko Abuja zai ga yadda ƙofofin gidaje suka sauya kama. A da, mai walda ne ke lanƙwasa rodi da hannu ya fitar da fure ko tauraro. Yanzu farantin ƙarfe ake kwantarwa a kan teburin inji, wutar filasma ko ta leza ta bi layin da kwamfuta ta shata mata, ta fitar da ado kala-kala cikin 'yan mintuna. Ina murna da wannan ci gaba, domin ya buɗe wa matasa sana'ar zana aikin ƙarfe a manhaja kafin a taɓa ƙarfen. Sai dai wata ɗabi'a ta biyo bayansa, tana kuma damuna matuƙa.

Da yawa daga cikin masu zanen sun daina gina zane daga tushe. Sai su sauko da fayil ɗin DXF daga intanet, ko su sa manhaja ta bi hoton ƙofar wani ta mayar da shi layuka, su ƙara awo da sunan mai gida, su jibge komai wuri guda. Idan AutoCAD ya fara jan ƙafa, ko ya sandare ana tsakiyar aiki, sai ka ji ana cewa kwamfutar ce ba ta da ƙarfi, a fara tara kuɗin sayen wata. Ra'ayina shi ne, sau da yawa cutar tana cikin zanen, kuma abin da ke nauyaya kwamfutar shi ne zai je ya ɓata ƙarfe a kan teburin yanka.

Gyaran yana farawa ne daga tsarin leya, wato raba zane hawa-hawa, wanda ya girmi manhajar da muke amfani da ita. Kafin kamfanin Autodesk ya fitar da AutoCAD a 1982, ofisoshin zane suna amfani da takardun roba da ake ganin abin da ke ƙarƙashinsu: bango a kan ɗaya, wayoyin lantarki a kan wata, bututun ruwa a kan ta uku, a ɗora su kan juna a ga ginin gaba ɗaya, a zare wadda ba a buƙata. Wannan hikimar ce aka shigar cikin kwamfuta. A zanen ƙarfe kuwa amfaninta ya wuce tsabtar gani, domin inji ne zai karanta zanen, shi kuma inji ba ya tambaya.

Zanen ƙarfe mai kyau yana raba yankan gefen waje da yankan ciki da huji, kowanne da leyarsa. Layin lanƙwasa yana da tasa, alamar wurin walda tana da tata, awo da rubutu su ma haka. Manhajar da ke shirya wa inji hanyar yanka, irin su SheetCam, da leya take gane aikin da za a yi wa kowane layi. Ta haka ake sa inji ya fara da huji da adon ciki, ya bar gefen waje sai ƙarshe, don kada guntun ya saki ya motsa tun ba a gama da shi ba. Idan layin lanƙwasa ya zauna a leya ɗaya da layin yanka, injin zai tsaga farantin gida biyu daidai inda ake so a lanƙwasa shi. Idan awo ya shiga cikinsu, sai ka ga an ƙona lambobi a fuskar ƙofa. Wanda ya zuba komai a leya ɗaya ya yi daidai da mai walda da ya tara sandar walda da guntayen ƙarfe da tef ɗin awo a buhu ɗaya: komai yana nan, amma kafin a lalubo abin da ake so rana ta yi.

Ga kuma inda nauyin kwamfuta ke shigowa. Da'irar da aka zana yadda ya kamata, abu biyu kawai manhaja ke riƙewa game da ita: tsakiyarta da faɗinta. Da'irar da aka bi daga hoto kuwa tana iya zama ɗaruruwan ƙananan layuka da aka jera. Ƙofa mai cike da ganye da furanni sai ta tara dubban ɗigo, kuma duk lokacin da ka matso da zanen ko ka ja shi gefe, kwamfuta sai ta sake lissafa su. Waɗannan ɗigon su ne za su sa injin yanka ya riƙa sassarfa yana cijewa, wutar ta daɗe a wuri guda, gefen ƙarfe ya fito da kaushi, yaran shago su wuni suna gurza. Layin da aka kwafa sau biyu a kan juna, ido ba ya ganinsa, amma inji zai bi shi sau biyu, ya ƙona gefen, ya cinye bakin wutar da ake saye da tsada. Siffar da ba a rufe bakinta ba, manhaja ba za ta san ciki da waje ba, alhali wutar filasma tana cin kusan milimita 1 zuwa 2 na ƙarfe a duk inda ta bi, dole a san gefen da za a kauce mata.

Maganin yawancin wannan yana cikin manhajar AutoCAD, kyauta. Umarnin OVERKILL yana share layukan da suka hau juna. PURGE yana kwashe leyoyi da tarkacen da suka biyo fayilolin mutane ba a amfani da su. AUDIT yana duba kurakuran cikin fayil ya gyara. JOIN yana haɗa guntayen layuka su zama siffa ɗaya rufaffiya. Sannan akwai bambanci tsakanin kashe leya da daskarar da ita: wadda aka kashe ta ɓuya ne kawai, manhaja tana ci gaba da lissafa ta, amma wadda aka daskarar an sauke wa kwamfuta nauyinta. Wanda bai raba zanensa ba, ba shi da abin da zai daskarar. Haka zanen gidan da injiniyan gini ya turo, ba sai an kwafo shi cikin fayil ɗin ƙofa ba, ana jingina shi ne da XREF. A kuma tabbatar da ma'auni kafin a tura, domin inci ɗaya milimita 25.4 ne, kuma fayil ɗin da aka zana da inci aka buɗe da milimita zai fito ɗan mitsitsi.

Ban ce kwamfuta ba ta taɓa yin laifi ba. Amma ko a nan, sani ya fi kuɗi amfani. Yawancin ayyukan AutoCAD a kan ƙwaya ɗaya ta furosesa suke gudana, don haka saurin ƙwayar ya fi yawansu muhimmanci. RAM mai gigabayit 8 shi ne mafi ƙarancin abin da sababbin fitowar manhajar ke nema, kuma sauya tsohon faifan ajiya da SSD yana kawo sauƙin da ake gani nan take. A wajenmu akwai ƙarin abu biyu. Ƙurar hunturu da ta shagon ƙarfe suna toshe fankar kwamfuta, idan ta yi zafi sai ta rage gudu da kanta don kada ta ƙone. Idan kuma aka ɗauke wuta ta koma kan batir, tsarin tattalin caji yana rage mata ƙarfi. Mai ƙaramar kwamfuta da aikinsa bai wuce shimfiɗaɗɗen zane ba, LibreCAD kyauta ce, ba ta da nauyi, tana kuma fitar da DXF. Ta fi masa kwafin sata da ke zuwa da ƙwayar cuta.

Na san uzurin da ake kawowa: mai aiki yana sauri, kuɗin zane kaɗan ne, injin ma ai zai yanka. Amma tsara leyoyi aikin rana ɗaya ne. A yi fayil guda mai ɗauke da sunayensu da launukansu, a ajiye shi, kowane sabon aiki a fara daga kansa. A gwada wannan da asarar faranti mai ƙafa 4 da ƙafa 8 da aka sayo a kasuwar Ƙofar Ruwa, ga kuɗin dako, ga man janareta, ga kunyar fuskantar mai gida. Rigakafi ya fi magani.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wanda ke ɗaukar laifin. Mai zane ya tura fayil ya tafi, maƙerin da ke Panteka ko wani shagon bakin titi shi ne zai yi ta cike gurbi da walda, shi kuma za a ce bai iya aiki ba. Tsaftace zane haƙƙin wannan mutumin ne a wuyanka. Ina kira ga masu injinan yanka su rubuta ƙa'idar leyoyinsu su liƙa a shago, su mayar da duk fayil ɗin da ya saɓa mata. Malaman kwalejojin fasaha da masu koyar da manhaja a gari su sa wannan darasi a makon farko, su kuma riƙa kai ɗalibai su tsaya gaban inji su ga yadda yake bin layin da suka zana. Matashin da ya saba da haka zai samu aiki ko da tsohuwar kwamfuta yake riƙe da ita, domin masu walda suna gaya wa juna sunan wanda zanensa ba ya ɓata ƙarfe.