Donabe: Tukunyar da Ba Ta Son Mai Gaggawa

Ƙasar da ta ƙirƙiro tukunyar lantarki ta dafa shinkafa ita ce yau take sayar wa duniya tukunyar yumɓu. A 1955 kamfanin Toshiba ya fitar da tukunyar da ke kashe kanta da zarar shinkafa ta nuna, kuma cikin 'yan shekaru ta mamaye gidajen Japan, ta hutar da mata daga tashin asuba don hura itace a murhu. Shekara 70 bayan haka, wasu daga jikokin waɗancan matan sun koma ɗora tukunyar ƙasa a kan wuta, wadda suke kira donabe. Yayin bai tsaya a Japan ba. A 2015 Naoko Takei Moore da Kyle Connaughton suka fitar da littafin girki sukutum a kan wannan tukunya a Amurka, yanzu kuma ba ka rasa ta a Instagram da YouTube: hannu ya ɗaga baƙin murfi, tururi ya turnuƙe, farar shinkafa tana sheƙi a ƙasa. Mai kallo ya haɗiye yawu, ya duba farashi, ya tambayi kansa ko kwalliya za ta biya kuɗin sabulu.

Amsata ita ce za ta biya, amma ba ga yawancin waɗanda hoton ya ja hankalinsu ba. Tukunyar tana yin abin da ake cewa tana yi. Sai dai tana da sharuɗɗa, masu talla kuwa ba su cika faɗinsu ba.

Bari mu fara da aikinta. Wadda ta fi shahara wajen dafa shinkafa ita ce Kamado-san, ta gidan Nagatani-en da ke Iga a lardin Mie. Tun 1832 gidan yake ginin tukwane, amma sai a 2000 ya fitar da wannan. Gindinta ya fi na sauran tukwanen kauri, kuma murfi biyu gare ta. Na ciki yana da huda biyu, na waje yana da ɗaya, ana kuma aza su yadda hudojin ba za su haɗu a saiti ɗaya ba. Saboda haka kumfar da ta taso tana tsayawa tsakanin murafan biyu, ba ta zubo a kan murhu, tururin kuma yana ɗan matsuwa a ciki kafin ya sami hanya.

Mai girki zai auna shinkafa da ma'aunin Japanawa, go, wanda yake mililita 180, kimanin giram 150. Zai wanke ta har ruwan ya daina fari sosai, ya jiƙa ta minti 20 zuwa 30 a ruwan da ya ɗan ɗara yawanta, sannan ya ɗora a wuta mai ɗan ƙarfi. Da farko ba ya jin komai. Can sai wani ƙaramin sauti ya fara fitowa daga ciki, sannan siririn tururi ya tsargo ta hudar murfi, ƙamshin shinkafa ya biyo shi. Ga go uku, wajen minti 13 ke nan. Idan tururin ya yi ƙarfi sai ya ƙara minti ɗaya ko biyu, ya kashe wuta. A nan ne aikin haƙurin yake: minti 20 ba buɗewa, ba leƙawa. Wuta ta mutu amma girki bai tsaya ba, don jikin tukunyar ya riga ya sha zafi yana mayar wa shinkafar a hankali. Idan aka buɗe, ƙwayoyin suna tsaye ɗai-ɗai, suna ƙyalli, masu taushi ba tare da sun caɓe ba. Wanda ya bar wutar ta ɗan ƙara minti ɗaya zai sami siririn ƙanzo ruwan zuma a gindi, abin da Japanawa ke so ƙwarai, tukunyar lantarki ta gama-gari kuwa ba ta bayarwa.

Babu siddabaru a cikin wannan. Yumɓu ba ya ɗaukar zafi da sauri kamar ƙarfe, ba ya kuma sakinsa da sauri. Tun da ruwan yana ɗumama a hankali, shinkafar tana daɗewa a tsakanin digiri 40 zuwa 60, inda sinadaran da ke cikin ƙwayar suke mayar da wani ɓangare na sitacinta sukari. Daga nan ɗan zaƙin da ake ji yake fitowa. Bayan an tafasa kuma, zafin da ya zauna kusa da digiri 100 na tsawon lokaci shi ke nunar da ƙwayar har tsakiya. Ƙasar Iga tana da nata sirrin a nan. Ana haƙo ta ne daga inda tsohon tafkin Biwa ya taɓa kwanciya kimanin shekara miliyan 4 da suka wuce, cike da ragowar tsirrai da ƙananan halittu. Idan aka gasa, waɗannan su ƙone, su bar ƙananan ramuka a jikin tukunya, ramukan kuma su ne ke riƙe zafi. Wannan bayani na yarda da shi, don baki ma yana shaida shi. Abin da ban ba muhimmanci ba shi ne dogon surutun da wasu masu sayarwa ke yi kan wani ɓoyayyen haske da yumɓu ke fitarwa. Kauri da jinkirin zafi sun isa su bayyana abin da ke faruwa.

Hujja mafi ƙarfi a kan ingancin donabe daga abokan hamayyarta ta fito. Kamfanin Tiger, ɗaya daga manyan masu ƙera tukwanen lantarki, yana sanya tukunyar yumɓu ta gaske a cikin samfuransa mafi tsada. Sauran kamfanoni ma duk gasarsu ita ce kwaikwayon wutar tsohon murhu. Amma wannan hujjar tana yanka ta ɓangare biyu. Idan injiniyoyi sun kusa cimma ɗanɗanon, to me ya rage wa tukunyar? Tukunyar lantarki mai kyau tana dafa shinkafa daidai kowace rana, tana ajiye ta da ɗumi, ana saita ta da dare a tashi a tarar da abinci. Uwar da za ta shirya yara makaranta ta kama jirgin ƙasa ƙarfe bakwai ba ta yi laifi ba idan ta zaɓi wannan. Duk wanda ya raina tukunyar lantarki bai yi tunanin hayaƙin da ta raba mata da shi ba.

To, ga sharuɗɗan. Na farko, nauyi da kulawa. Kamado-san ta go uku ta haura kilo 3 tun ba a zuba komai ba, farashinta kuma ya wuce yen 10,000 a Japan, kafin a ƙara kuɗin jirgi da na kwastan. Kafin a fara amfani da ita sai an dama kunun shinkafa mai kauri a ciki a wuta kaɗan, a bar shi ya huce, don sitacin ya toshe ramukan jikinta. Ba a ɗora ta a wuta gindinta na jiƙe. Ba a zuba mata ruwan sanyi tana da zafi. Ba a barin ta jiƙe cikin ruwan sabulu, don za ta sha, ta mayar maka a girki na gaba. Bayan wanki sai an kife ta ta bushe sarai, in ba haka ba ta yi fumfuna. Irin ta gargajiya kuma wutar gas take so, ba ta aiki a murhun lantarki mai amfani da maganaɗisu. Da tafiya ta yi tafiya za a ga ƙananan tsage-tsage kamar gashi a shafen cikinta. Wannan ba lalacewa ba ce, haka halinta yake. Amma faɗuwa ɗaya daga kan tebur ta gama da ita.

Sharaɗi na biyu shi ne shinkafar kanta, kuma a nan ne mai karatu Bahaushe ya kamata ya tsaya ya yi tunani. An gina wannan tukunya ne don gajerar shinkafar Japan mai danƙo, irin su Koshihikari, wadda ake dafawa fara, ba gishiri ba mai, ta shanye ruwanta duka. A teburin Bajapane shinkafar ce uwar abinci, sauran ƴan rakiya ne, don haka ɗan bambancin zaƙi da taushi abin lura ne. Mu kuwa abin da muka fi ci doguwar shinkafa ce da aka turara tun tana shanshera. Sitacinta ya riga ya nuna sau ɗaya, ta yi tauri, ba ta da wannan zaƙin da jinkirin zafi zai fito da shi. Muna son ta wara-wara, da yawa ma mukan tafasa mu tsame, sannan mu lulluɓe ta da miya mai yaji ko mu haɗa dafa-duka. Wanda ya kashe dukiya ya sayo donabe don ya dafa irin wannan shinkafar ya zuba mata miyar tumatir, zai ci abinci mai daɗi, amma ba zai ji inda kuɗinsa ya shiga ba. Ga kuma girma: go uku bai kai rabin kilo ba, abincin mutum uku ko huɗu ke nan. Gidan da ake auna shinkafa da kwano ba nan ne wurinta ba. Idan akwai shinkafarmu da za ta amfana, to shinkafar tuwo ce, wadda ba a turara ba.

Sharaɗi na uku, wanda ya fi damuna, shi ne niyyar mai saye. A Japan cin shinkafa ya ragu ƙwarai. A 1962 kowane mutum yana cin kimanin kilo 118 a shekara, yanzu ya sauko wajen kilo 50. Mutanen da ke cin kaɗan suna so kaɗan ɗin ya yi daɗi, kuma ina ganin wannan ne ya dawo da tukunyar ƙasa kicin. Dalili ne mai kyau. Amma da yayin ya fita waje sai ya zo da wani abu daban: tukunya ta zama kayan ado. A saya, a ɗauki hoto, a dafa sau ɗaya ko biyu, a ɗora a kanta ta yi ƙura. Wannan ɓarna ce, ba ta kuɗi kaɗai ba. Tukunyar da ba a ɗora wa wuta ba ta cika aikin da maginin ya yi ta dominsa ba, ƙasar da aka haƙo kuma ba ta dawowa.

Maganar ƙasar ba ƙarama ba ce. Kusan kashi 80 cikin ɗari na tukwanen donabe na Japan ba a Iga ake yin su ba, a birnin Yokkaichi ne, shi ma a lardin Mie, inda sana'ar Banko ta kafu. Asalinta tun ƙarni na 18 ne, daga wani ɗan kasuwa mai suna Nunami Rozan. Abin da ya sa tukwanen Banko ke jure wuta ba su fashe ba shi ne wani dutse mai ɗauke da litiyam, fetalait, da magina suka fara cuɗawa da yumɓu a ƙarshen shekarun 1950. Daga ina aka riƙa samo dutsen? Daga Afirka, daga mahaƙar Bikita a Zimbabuwe. A 2022 kamfanin Sinomine na ƙasar Sin ya sayi mahaƙar, don litiyam ya zama zinaren masu ƙera batirin motocin lantarki. Dutsen ya yi wuya, ya yi tsada, magina a Yokkaichi suka shiga neman madadinsa. Ke nan tukunyar da ake tallatawa a matsayin gudu daga zamani tana gogayya da batirin mota a kan dutse ɗaya. Wanda ya san haka zai daina ganin ta a matsayin abin da ake saya don yayi a yar idan yayi ya wuce.

Don haka ga shawarata. Idan kana cin gajerar shinkafa fara a kai a kai, kana da murhun gas, gidanka ba shi da yawa, kuma ba ka ƙyashin tsayawa kusa da wuta na kwata ɗaya na awa, saya. Za ka ji bambancin tun cokalin farko, tukunyar kuma za ta yi maka shekaru idan ka riƙe ta da kyau. Ba dole ka fara da mafi tsada ba. Tukunyar Banko mai sauƙin kuɗi za ta nuna maka ko wannan hanyar girki ta dace da rayuwarka, ga shi kuma za ka dafa miya da farfesu a cikinta, kamar yadda Japanawa ke kewaye ta da sanyi suna ci daga tukunya ɗaya. Idan bayan wata shida tana kan murhu ba a kanta ba, sai ka nemi ta Iga. Idan kuwa abincinka doguwar shinkafa ce da miya, ko kana ciyar da gida mai yawa, ko safiyarka ba ta da sarari, riƙe kuɗinka. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ga wanda yake Kano ko Zinder ko Kumasi yana kallon waɗannan bidiyoyi, akwai abin da ya fi sayen donabe amfani. Dalilin da ya sa shinkafar tukunyar Iga ke daɗi shi ne dai dalilin da ya sa tsofaffi ke cewa miyar tukunyar ƙasa ta fi ta ƙarfe. Ba mu rasa yumɓu ba, ba mu rasa gwanaye ba. Hoton Ladi Kwali, maginiyar tukwane, yana jikin takardar naira 20. Abin da gidan Nagatani-en ya yi shi ne ya dubi kicin ɗin zamani, ya gyara tukunyar kakanni ta dace da shi: ya ƙara kaurin gindi, ya ƙara murfi, ya auna mintuna, ya sa ta zauna daram a kan murhun gas. Tukunyarmu mai zagayayyen gindi don duwatsun murhu aka gina ta, shi ya sa ta bar gidajen birni tun da gas ya shigo. Wannan gyara ne da maginanmu za su iya, idan suka sami masu saye da za su nemi hakan, su kuma biya farashin da ya dace da aikin. Kafin ka aika kuɗi Japan, je kasuwar garinku wajen masu tukwane, ka gaya musu irin murhun da kake da shi da irin tukunyar da kake so.