Bar Kwandon Nan Ya Huta

Tun da manhajojin sayen hannun jari suka shigo wayoyinmu na lura da wata ɗabi'a a wajen masu bin ƙa'ida. Ina nufin waɗanda suka daina zaɓen kamfani da son rai, suka gindaya sharuɗɗa, lissafi ya fitar musu da jerin sunaye su saya ba musu. Yanzu da yawansu duk Juma'a sai sun sake tace jerin. Kamfanin da ya zame daga na goma zuwa na sha biyu a sayar, a ɗauko wani. Ni a ganina dillali suke yi wa noma.

Waɗanda suka yaɗa wannan hanya a Amurka ba haka suka tsara ta ba. A 1991 Michael O'Higgins ya ce cikin kamfanoni 30 na Dow Jones a ɗauki goma da rabon ribarsu ya fi tsoka in an gwada da farashinsu, a riƙe shekara guda cur. Joel Greenblatt a 2005 ya ce kamfani 20 zuwa 30, a saye su kaɗan-kaɗan, kowanne ya shekara a hannu. Akwai dalilin haraji a ciki, domin a can ribar abin da ya wuce shekara harajinta ya fi sauƙi. Amma babban dalilin shi ne alƙaluman da ake dogaro da su, riba da bashi da kadara, sai bayan wata uku kamfani ke fitar da sabbi. Tsakanin rahoto da rahoto farashi ne kawai ke rawa.

Ga kuma kuɗin shiga da fita. A kasuwar NGX ta Legas la'adar dillali kan kai kashi 1.35 cikin ɗari a saye, haka a sayarwa, ban da kason hukumomi da haraji. Wanda ke juya kwandon hannun jarinsa duk wata, me zai rage masa?

Na yarda tsarin bin farashin da ke hawa daban ne. Binciken Jegadeesh da Titman na 1993 ya nuna ƙarfinsa tsakanin wata uku ne zuwa shekara, don haka mai binsa ba zai yi dogon barci ba.

Abin da ya fi damuna ma shi ne taɓa ƙa'idar kanta. Ni na yi. Wata huɗu tsarina yana ja da baya, sai na zauna da daddare na ƙara sharaɗi ɗaya, na gwada shi a kan alƙaluman baya, ya yi kyau ƙwarai. Dole ya yi kyau mana, tunda na ga amsar kafin na rubuta tambayar! Kamfanoni biyun da sharaɗin ya kora su suka fi tashi daga baya. Greenblatt ya ga irin haka a wajen abokan cinikinsa tsakanin 2009 da 2011: waɗanda suka bar tsarin ya yi aikinsa sun samu kusan kashi 84, masu tsoma hannu suna tsallake sunayen da ke ba su tsoro suka tashi da 59.

Yanzu a watan Afrilu nake buɗe kwandona, bayan yawancin kamfanoni sun fitar da rahoton shekara. A tsakani abu ɗaya nake leƙawa, wato ko bashin ruwa ya yi wa wani kamfani yawa har ya fita daga ma'aunin Shari'a. Manhajar kuwa na kai ta shafi na uku a wayata, kusa da kalkuleta.